Fijon da Take Shan Baƙin Mai

Zayyanu yana ƙarƙashin wata motar gero a garejinsa na bakin Bagudo aka jawo shi ta ƙafa. Kafin ya buɗe baki gindin bindiga ya sauka a muƙamuƙinsa. Aka ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu, aka nufi daji wajen iyakar Benin, rana tsaka, mutane na kallo.

Ya riga ya ji labarinsu. Sun ɗauki Dare, makanikin garin Lolo, sun dawo da shi da kumburarriyar fuska. Sun ɗauki Shamsu na Matsinkai, shi ma har yanzu da sanda yake tafiya. Dukansu abu guda suka faɗa: wasu masu rawani ne ke da wata mota mai shan baƙin mai, kuma wanda bai gano ciwonta ba jikinsa zai gaya masa.

A gindin wata tsamiya suka jefar da shi. Ga motar nan, tsohuwar Fijo mai shan gas, an shafe ta da sabon fenti kore, babu lamba. Zayyanu ya tofar da jini, ya daɗe yana kallonta.

Babbansu, wanda suke kira Atiku, ya tsuguna a gabansa da adda a hannu.

"Motag ga Benin muka saye ta. In an cika ta da baƙin mai da safe, kafin la'asar babu. Ka gano mi ke damunta."

"Ba ni da kayan aiki, ranka ya daɗe."

Atiku ya juya addar ya shimfiɗa masa gefenta a gadon baya. Zayyanu ya kifa da fuska. Wani ya taka masa wuya da takalmi, wani ya jefo masa sifana da filaya kusa da hancinsa.

Ya miƙe yana tangaɗi. Ɗaya daga cikinsu ya leƙa cikin motar yana laluben abin buɗe bonet, amma Zayyanu ya riga ya zura yatsa ta bayan fitilar hagu ya ja wata 'yar igiya. Bonet ya ɗaga.

Ya ce a tayar da inji. Ya zagaya baya ya sa tafin hannu a bakin salansa. Hayaƙin baƙi ne na gas, babu shuɗi a ciki. Ya dawo ya kwance murfin da ake zuba mai ya ɗora shi a bakin ramin, murfin ya zauna lafiya, iska ba ta cilla shi ba.

"Dare ya ce ring ne," in ji Atiku. "Shamsu ya ce a sauke inji."

"Ba ring ba ne. Da ring ne da hayaƙi ya nuna."

Atiku ya ce, "Kuma ba ta ɗiga a ƙasa. Mun shimfiɗa kwali mun gani."

Zayyanu ya koma kan injin. Ya shafa nan, ya taɓa can, ya zaro sandar gwada mai ya goge ya mayar. Hannunsa bai je bayan injin ba ko sau ɗaya.

Atiku ya gaji. Ya yi alama da kai, aka kama hannun Zayyanu na hagu aka danne shi a kan ƙarfen gaban motar, aka sako bonet da ƙarfi. Ƙarar da ya yi ta tashi tsuntsayen kan tsamiyar. Yatsu biyu suka lanƙwashe inda ba gaɓa.

"Saura na dama," Atiku ya ce. "Bayan shi kuma wuya. Mu ba mu mai da mutum na ukku gida."

Zayyanu ya dube su ta cikin hawaye. Rawani, bindigogi, motar da aka saya a tsallaken iyaka babu takarda. Irin waɗannan mutane ba ruwansu da tarihin mota, su dai ta tashi ta kai su inda za su.

"A ɗaga bonet," ya ce.

Bai nemi tocila ba, bai ma sunkuya ya duba ba. Ya kau da fuska gefe, ya zura hannun dama can bayan injin, cikin wani matsatsin lungu tsakaninsa da jikin mota, inda ido ba ya kaiwa. Ƙarfe ya ƙona masa damtse, bai fasa ba. Ya murɗa, ya murɗa, ya zaro wata baƙar robar tiyub da waya a nannaɗe, mai na tsiyaya daga jikinta.

"Ga shi. Bututun da ke kai mai ga turbo ne ya huje, aka ɗaure shi da wannan. In mota na tsaye ba ya zuba. In ta ɗau zafi tana gudu sai ya fesa kan salansa ya ƙone, shi ya sa ba ku gani a ƙasa. A sake bututu, shi ke nan."

Babu wanda ya yi murna. Wanda ke riƙe da bonet ya sake shi a hankali. Atiku ya karɓi robar ya jujjuya ta, sannan ya kwance rawaninsa. Fuskar manomi ce, ido ya yi ja.

"Mu mun san da wanga ɗauri tun ran da muka fanso motar," ya ce. "Dare da Shamsu sun wuni suna nema ba su kai gare shi ba, don ba su san yana nan ba. Wanda ya ɗaura shi kaɗai ka kai hannu nan ba da dubawa ba." Ya ɗaga addar, wannan karon da kaifinta. "Motar wana Bunyaminu ce. Wata mata da ke cikin motar ta tsira, ta ce wani fasinja da ya rufe fuska ya harbe shi daga kujerar baya, harsashi guda ya wuce ya huda inji, shi ne kuma ya fito da filaya ya ɗaure wurin da hannunsa, ya ja motar ya bar gawar a kan hanya."