Motar da Ta Wuce Rumfar Sarkin Ruwa

Ajiye wayar nan tukuna, Lawandi. Tun ɗazu kake nuna mini hotunan wuraren da za ka yada zango da motar nan taka mai ɗaki, kana cewa wannan ya fi kusa da tafki, wancan ya fi kusa da gari. Hoto ai ba ya faɗin abin da ke ƙarƙashin ciyawa. Zauna in ba ka misali.

An yi wani direban babbar mota da ya shekara talatin a kan hanya. Da ya ajiye aiki sai ya sayi tsohuwar bas, ya cire kujerunta, ya sa gado da murhun gas da tankin ruwa, duka da hannunsa. Ba don kansa ya yi ba. Matarsa ce ta samu shanyewar ƙafafu, shekara huɗu ba ta ga komai ba sai rufin ɗaki, ya yi mata alkawarin zai kai ta ta ga ruwa mai faɗi. Mutumin kirki ne, wallahi, amma yana da hali guda: bai taɓa sauke gilashi ya tambayi kowa hanya ba. Da suka isa wani gari a bakin tafki, farkon damina, sai ya tarar da wuri biyu. Ɗaya fili ne mai katanga a kan tudu inda matafiya ke kwana da motocinsu, ga famfo, ga wuta, ga asibiti a bayansa, sai dai injin niƙa da babura ba sa barin kunne ya huta, tafkin kuma sai an yi ɗage ake hango shi. Ɗayan can ƙasa ne, inda ruwa ya janye da rani ya bar fili shimfiɗe, kore shar, iska na kaɗawa. Ya zaɓi na ƙasa. To, al'adar wurin ita ce baƙo ba ya sauka bakin ruwa sai ya tsaya a rumfar Sarkin Ruwa, shugaban masunta, ya yi sallama. Ba kuɗi ake karɓa ba, a nan ne ake gaya wa mutum halin da ruwa ke ciki a ranar. Direban nan ya wuce rumfar gilashi a rufe. Masunta suka yi ta ɗaga masa hannu, ya ɗauka kifi suke talla, ya danna musu hon ya ƙara mai. Su kuwa suka ce mutumin da ya wuce haka ai ya san inda za shi, suka koma jan kwale-kwalensu zuwa tudu. Tun da safe aka aiko musu cewa an yi ruwa a duwatsu, za a buɗe madatsar da ke sama.

Ya ajiye mota daf da ruwa, ya buɗe ƙofa, ya jingina matar da matashi. Ta yi dariyar da ya daɗe bai ji ba. Bayan azahar yana dafa shayi sai ya ji sanyi a tafin ƙafarsa. Ya duba, ciyawar ta jiƙe. Ba igiya, ba ƙara, ruwa ne kawai ke tsattsafowa. Ya waiga hanyar da ya biyo, ashe kwari ne, tuni ta cika. Ya yi tsalle ya tada mota, ya sa ribas, tayoyin baya suka juya a wuri ɗaya suka fasa busasshiyar ƙasar sama, baƙar laka ta fito. Ya sauka ya kafa jak, jak ɗin ya nutse. Ya ɓalle katakon gadon da ya ƙera ya cusa ƙarƙashin taya, laka ta haɗiye. Ruwa ya kai idon sawu, ya kai ƙwauri, ya shiga salansa, inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Ya goya matar ya yi taku uku, ya nutse har gwiwa, da ƙyar ya maido ta cikin mota. Ita ba ta yi kuka ba, salati kawai take yi. Ta dube shi ta ce, "Malam, ka tafi kai kaɗai, kai kana da ƙafa." Nan ne fa ƙaton nan ya fashe da kuka, ya kwanta a kan hon bai ɗaga ba, har ruwa ya fara shigowa ta ƙofa.

Allah ya sa masunta suka ji. Kwale-kwale biyu suka zo, aka fito da ita ta taga a cikin bargo, ruwa na lasar katifa. Sun tsira da rai, amma kafin la'asar rufin motar kaɗai ake gani. A motar haya aka mai da baiwar Allah gida, aka kwantar da ita a ɗakinta na da, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta sake fita ba. Yini guda bai cika ba, shi ne duk rabonta da yawon da aka yi mata alkawari. Ni abin da ke ci mini rai ke nan, don sallama ɗaya ce ta gagare shi.

Saboda haka in ka isa, ka kashe mota, ka sauko da ƙafarka, ka gai da mutanen wurin kafin ka zaɓi inda za ka kwana da iyalinka. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce girman kai rawanin tsiya.