Karan Hancin Musaddiq

Tun ranar suna Dabo ya kasa ɗauke ido daga hancin ɗansa Musaddiq. Dogo ne, siriri, karansa a miƙe. Shi kuwa Dabo, duk garin Surko an san nasa: a baje kamar an taka gurasa. Haka na marigayi mahaifinsa yake, haka na baffanninsa.

Abin dariyar, uwar Dabo, Inna Tani, ita ce ungozomar unguwa. Ita ke gasa hannu a wuta ta ja wa jariran mutane hanci don ya tashi, amma na ɗan cikinta ga shi nan a kwance. In an tsokane ta, sai ta ce gado ne.

Ita ta fara sa baki. "Dabo, wannan hancin ba na gidan nan ba ne. Leƙa rugar Badaru ka gani."

Badaru makiyayi ne da ke sauka da shanunsa a gonarsu kowane rani, tun mahaifin Dabo na ango. Dabo ya leƙa, ya dawo zuciyarsa na tafasa. Samarin rugar, 'ya'yan Badaru, kaf hancinsu ɗaya da na yaron, har ɗan tudun nan na tsakiya.

Matar Dabo, Juwairiyya, ta yi kuka har muryarta ta dishe, ta ce a kawo Alƙur'ani ta dafa. Tani ta hana, wai kada rantsuwar ƙarya ta cinye gida. Da hannunta ta ƙulle wa yarinyar kaya. Aka sa ta a mota zuwa gidan iyayenta a Gwaram da goyonta, mata na leƙe ta katanga.

Da damina ƙyanda ta ɗauke Musaddiq. Da aka aiko, Dabo ya ce ba shi da gawa a Gwaram, ya saɓi fartanya ya tafi gona. Ko ɗigon hawaye bai yi ba, har gani yake ya yi abin maza.

Bayan girbi babur ya kayar da shi a hanyar Birnin Kudu, fuska ta daki ƙasa. A asibiti likita ya ɗaga hoton ƙashi ga haske, Tani na gefen gado tana fifita masa kunu.

"Faɗuwar yau ba ta karya komai ba, malam," in ji likitan. "Sai dai akwai tsohuwar karaya. Ƙashin hanci kowa da irin nasa, na maza daban da na mata, na wannan zuri'a daban da na waccan. Naka asalinsa dogo ne, siriri. Tun kana ɗanye wani abu ya danne shi da ƙarfi, ya ɗore a haka. Inna, ko ya taɓa suɓuce miki yana jariri?"

Dabo ya juya yana jiran amsa. Tani ta daina fifita kunun. Idonta na ƙasa, tana ta cusa babban yatsanta cikin mayafi, yatsan da ya tayar da hancin rabin yaran Surko, ya kuma murƙushe guda ɗaya tak: na ɗan da ta haifa wa Badaru.