Ba ta Wutsiya Ba

Sakamakon gwajin ɓeraye ya fito ana shan kofin hantsi, mai binciken ta ture burodinta gefe. Shekara uku tana ɗura wa ɓeraye masu ƙiba da ciwon suga sabon magani, sinadarin da fargaba ke haifarwa ya ragu a jininsu, suga ya sauka. Yau kuma ga ɓerayen da ba su taɓa ɗanɗana maganin ba sun samu sauƙi iri ɗaya, don kawai an mayar da su ɗakin da ke ƙasan bene.

Ta sauka. Tsohuwar da ke kula da ɗakin tana murza hannayenta su yi ɗumi.

"Me kike ba su a ɓoye?"

"Ni? Ko ɓawon cuku ban ba su ba, 'yar nan."

Tsohuwar ta shimfiɗa tafinta cikin keji, ta jira. Wani ƙaton ɓera ya hau da kansa, ya lafe.

Ta ce, "Ku ta wutsiya kuke fizgo su. Mai ciwo kuma a ƙara masa da tsoro?"

Shi ke nan, shekara uku sun bi ruwa.

Da yamma ta taka keke cikin dusar ƙanƙara zuwa wurin mahaifinta, wanda kullum take yi wa faɗa kan sugansa. Yana ganinta ya ɓoye yatsunsa a aljihu. Ba ta ciro allurar gwajin suga da ta saba soka masa a yatsa ba. Ta zauna, ta buɗe tafinta bisa tebur, ta jira.