Inuwa Ta Ragu da Taku Uku

Tun da zafi ya gagari rumfa, tauraron ɗan'adam ne ke yi wa kasuwar garin inuwa daga sama. Sai jita-jita ta cika gari wai kamfanin inuwar bai biya maƙeran tauraron ba, shi ya sa suke naɗe ta kaɗan-kaɗan. Kullum masu hannun jari na auna bakinta da taku, kamar masu neman lokacin la'asar.

Shekaranjiya Tanimu ya auna, ya ga ta ragu da taku uku, ya sayar da nasa hannun jarin bai gaya wa kowa ba. Yau ya biya ta wurin yayarsa Tabawa mai fura, wadda shi ya lallaɓa ta zuba kuɗin awakinta a kamfanin. Rana ta ci rabin tabarmarta.

Ta ce, "Tanimu, kai ne mai boko. In sayar da hannun jarina?"

Ya san yanzu ko kuɗin akuya ɗaya ba za ta samu ba. Ya sunkuyar da kai.

"Sai haƙuri, Yaya."

Ta matsa cikin rana, ta bar masa gefen inuwar.

"Zauna nan, kada ka ƙone."