Macizan Gwaggo Vasantha

"Kuɗi kam babu, Gwaggo," in ji Phanindra, yana tura mata shayi. "Gwajin maganin bai yi nasara ba. Yarjejeniya ta ce in mun kasa biya, bashinki ya koma hannun jari a farashin ranar."

Vasantha ko kallon kofin ba ta yi ba. Gonar barkononta ta Guntur ta sayar, ta ranta wa ɗan wan nan nata kuɗin, shi da ke da ƙaramin kamfanin kiwon macizai da haɗa maganin dafinsu a Hyderabad ta Indiya.

"Nawa ne farashin yau?"

"Rupi biyu, daga ɗari biyu. Ki yi haƙuri ki koma gida, haka kasuwa ta gada."

"Sa hannu. Na karɓa."

Ya rattaba hannu da sauri, har da ajiyar zuciya. Lauyan kamfanin da ke zaune a gefe ya buga lissafi, ya sake bugawa, sannan ya dubi Phanindra.

"Yallaɓai, da wannan araha ai kuɗinta ya sayi fiye da rabin kamfanin."

Sai yanzu Vasantha ta kurɓi shayin.

"Gonata ta tafi, na sani. Amma tashi min daga kujerar shugaba, yaro. Macizan ma daga yau ni suke yi wa aiki."