Tukwanen da Ruwa Ya Kashe wa Wuta

Zauna, Mudi, ka daina kaɗa min takardar nan a fuska kamar mafici. Na gani. 'Yarka Safara'u ba ta kai makin shiga sakandare ba, lissafi ashirin da bakwai cikin ɗari, kai kuma har ka yanke hukunci wai kanta ba ya ja, za ka cire ta daga boko. To, ni gwaggonka shekara talatin na yi ina shaƙar alli a aji. Buɗe kunne ka ji.

An yi wata maginiya a garinmu da ake rububin tukwanenta ranar kasuwa. Ka san mai sayen tukunya ba ya dogon bincike, ƙwanƙwasa ta yake yi da yatsa. In ta yi ƙara rau, ta gasu. In ta yi dif, ya ajiye ya yi gaba. Wata rana, gab da faɗuwar damina, matar nan ta jera tukwane arba'in, ta lulluɓe su da kara da ciyawa, ta cinna wuta. Gashi bai yi nisa ba sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya kashe wutar murus. Washegari mijinta, sarkin gaggawa irinka, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa. Bakwai suka amsa, sauran duk dif. Ransa ya ɓaci, ya ce yumɓun bana ba shi da kyau, a farfasa su a cike ramin ƙofar gida. Maƙwabciyarsu, da ruwan ya yi wa irin wannan ɓarna, ta shafe nata da jan ƙasa suka yi shar, ta kai kasuwa. Mako bai zagayo ba mata suka yi mata caa a ƙofar gida, kowace da tukunya gindi a zube.

Ita kuwa maginiya sai ta tuna inda kowace tukunya ta zauna a wurin gashi. Ashe bakwai ɗin nan duk na tsakiya ne, inda wuta ta fi daɗewa. Ta dubi mijin ta ce, "Malam, kunnenka bai yi ƙarya ba, ba su gasu ba. Amma yumɓu ɗaya na kwaɓa, hannu ɗaya ya gina su. Wuta ce ba ta ishe su ba." Ta shanya su kwana goma har suka bushe ƙayau, ta sake tara kara, ta mai da na gefe tsakiya. Huɗu sun fashe, ba zan ɓoye maka ba. Sauran kuwa suka fito suna ƙara, har yau akwai gidajen da ke dafa wake a cikinsu.

Yanzu faɗa min, shekarar korona da aka garƙame makarantu wata da watanni, Safara'u tana ina? Tana gida, daidai ajin da ake koyon lissafin rabawa. 'Ya'yan masu hali an ɗaukar musu malami har falo. Ita ko rediyon da ake ba da darasi a ciki, kai ke rataya shi ka tafi gona. Da aka buɗe, aka tura su aji na gaba kamar ba a yi komai ba. Makin nan gaskiya ya faɗa, kuma kada in ji ka je neman mai ba ta satar amsa. Amma ba kan yarinya ya auna ba, abin da ya same ta na karatu ya auna.

Turo min ita kullum bayan la'asar, mu koma inda aka tsaya, baɗi ta sake rubuta jarrabawar. Jiya ta zo nan ta yi kuka har ta karya min zuciya. Ba faɗuwar ce ta sa ta kuka ba, cewa ta yi kwana uku ke nan tana gaishe ka ba ka amsawa. Haba Mudi, ɗan albarka! Tashi ka je gida ka kira ta da sunanta. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.