Jajayen Tsakuwa a Fadamar Kaavi

"Sa hannu ki ba ni wuri," in ji Tauno, ya wurga wa ƙanwarsa Sirkka takardar rabon gado. "Fadama tawa ce. Ke ki hau tudu ki ci duwatsu."

"Haba Yaya! Shekara goma ni ke noma fadamar nan kana birni."

"Kada ki wani ce mini Yaya. Ko ki sa hannu, ko mu tsufa a kotu."

Ta sa hannu, ta kwashe shanunta ta koma tudun, ba ta ƙara gaishe shi ba. Ba ta san Tauno ya riga ya ga sabuwar taswirar hukumar binciken ma'adinai ta gwamnati ba. An tsinci jajayen tsakuwa a fadamar, irin waɗanda ke nuna akwai lu'ulu'u a kusa.

Da ƙanƙarar hunturu ta narke, hukumar ta turo wata ma'aikaciya, Ritva, ta ƙara ɗibar ƙasa. Tauno ya tare ta tun daga mota.

"Ke, ban son dogon bayani. Ina kamfani zai fara haƙa?"

"A nan? Malam, laka ce kawai a nan. Tsakuwar nan baƙuwa ce. Ƙanƙarar zamanin da ce, mai gangarowa kamar kogi, ta jawo ta daga arewa maso yamma ta zubar a nan. Mu tushenta muke nema."

Ta duba taswira, ta ɗaga kai, ta nuna da yatsa.

"Wancan tudun na waye?"